Sabunta Tsofaffin Kayan Katako da Fenti: Inda Riba Take da Inda Asara Take

Tun daga watan Yunin shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canjin kuɗi ya bar Naira ta nema wa kanta daraja, farashin kayan ɗaki ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka wadda ake sayarwa a hukumance kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a watannin farko na shekarar 2024. Da yake yawancin allunan da ake haɗa gadaje da kabad na zamani da su, tare da hinji da mariƙai da yadin kujeru, daga ƙasashen waje ake shigowa da su, sai farashin sabon kaya ya bi Dala sau da ƙafa. Wannan ya ƙara wa tsofaffin tebura da kujeru da akwatunan katako daraja, waɗanda a da ake jibgewa a ɗakin shirgi ko a miƙa wa 'yan gwanjo a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake mayar da irin waɗannan kaya kasuwa ita ce a yi musu fenti marar ƙyalli, sa'an nan a goge gefuna da kusurwoyi da gangan har launin ƙasa ko fuskar katakon ta leƙo, domin kayan su fito da kamannin dauri, irin na gidan gona da aka daɗe ana amfani da su. Aikin ba ya bukatar inji mai tsada, shi ya sa yake jan hankalin mai ƙaramin jari. To amma fentin kansa shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin sana'ar. Riba da asara suna yanke hukunci tun wajen saye, da wajen shirya katako kafin burushi ya taɓa shi, da kuma wajen sanin wanda za a sayar wa.

Asalin salon

Yi wa kayan katako fenti tsohon abu ne a karkarar Turai da Amurka, inda manoma kan haɗa fentinsu da madara da farar ƙasa da launi, su shafe tebur ko kabad da aka yi da katako mai araha. Bayan shekaru da yawa na amfani, fentin kan goge a wuraren da hannu ke yawan taɓawa, kuma wannan gogewa ce masu sana'ar yanzu ke kwaikwayo. Salon ya zama babban kasuwanci ne a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. A shekarar 1989 wata 'yar Ingila mai suna Rachel Ashwell ta buɗe kanti mai suna Shabby Chic a garin Santa Monica na jihar Kalifoniya, inda take sayar da kayan gwanjo da aka gyara. A shekarar 1990 kuma Annie Sloan, mazauniyar Okusfod ta Ingila, ta fito da fenti mai suna Chalk Paint, wanda ke bushewa da wuri ya bar fuska mai kama da alli. Yau ana sayar da fentin nata a ƙasashe da dama, kuma wasu kamfanonin sun fito da irin nasu.

Darajar tana cikin katako

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan sana'a zumar ita ce katakon. Kayan da aka yi wa gidajen gwamnati, da na ma'aikatan jirgin ƙasa, da makarantun kwana, da manyan kamfanoni kafin samun mulkin kai da shekarun da suka biyo baya, galibi an yi su ne da katako zalla irin su loko da maɗaci da kawo, a lokacin da dazuzzukan kudu ke cike da manyan itatuwa. A wancan zamani garin Safele na jihar Delta ta yanzu cibiyar katako ce da ta shahara har a Turai, har ma akwai wani irin katako da duniya ta sani da sunan garin. Irin waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Misali shi ne maɗobiya, wadda 'yan katako ke kira koso: saboda yawan sarar da aka yi mata domin kai wa ƙasar Sin, an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu daga watan Janairun 2017, kuma a shekarar 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya zuwa ƙasashen waje. Saboda haka wanda ya sayi tsohon teburin loko ya sayi katakon da ya riga ya bushe ya zauna shekaru da yawa, wanda samun irinsa a kasuwar 'yan katako ta Dei-Dei a Abuja ko ta Na'ibawa a Kano sai an sha wuya, kuma da tsada.

Sai dai ba duk tsohon kaya ne katako zalla ba. Yawancin kayan ɗakin amare na shekarun baya-bayan nan, waɗanda suka fi cika rumfunan 'yan gwanjo, an haɗa su ne da allunan garin katako da aka matse da gam, irin su MDF, aka lulluɓe su da leda ko takarda mai zanen itace. Irin wannan allo idan aka goge gefensa babu abin da zai fito sai gari, idan ruwa ya shige shi kuma sai ya kumbura, ba ya komawa yadda yake. Nauyi ba ya raba gardama, domin allon MDF ma yana da nauyi. Abin da mai saye zai yi shi ne ya juya kayan ya duba baya da ƙasa inda ba a yi ado ba, ya zaro durowa ya ga yadda aka haɗa kusurwoyinta, ya kuma duba ƙarshen kowane allo. Katako zalla yana nuna zoben shekarun itace a ƙarshensa, kuma tsofaffin kafintoci kan haɗa durowa da haƙora masu shiga juna, ba da ƙusa kaɗai ba.

Abu na biyu da za a duba shi ne gara da ƙwarin da ke huda katako. A ƙwanƙwasa ƙafafu da gindin kayan, idan sun yi amon ganga to an cinye cikinsu. Ƙananan ramuka da sabon gari mai haske a ƙarƙashinsu alama ce cewa ƙwarin suna nan da rai. Irin wannan kaya ba a shigar da shi rumfa sai an yi masa magani, domin zai iya ɓata sauran hajar baki ɗaya. Ƙafar da ta yi lako-lako, ko mariƙin da ya cire, ko ɗan tsagu, duk gyara ne mai sauƙi, kuma hujja ce ta neman ragi. Amma fuskar tebur da ta lanƙwashe, ko gindin da ya ruɓe, kuɗin gyaransu kan cinye ribar.

Haɗarin dalma

Akwai batun da ya fi riba muhimmanci, wato gubar dalma. An daɗe ana sa dalma cikin fentin mai, musamman launukan rawaya da ja da ruwan lemo da kore, domin ta ƙara musu haske da ƙarko. Amurka ta hana ta a fentin gidaje a shekarar 1978, kuma ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan ɗaya na fenti. A ƙasashe masu tasowa da yawa an ci gaba da sayar da fenti mai dalma shekaru masu yawa bayan haka. Don haka ya kamata a ɗauki duk wani tsohon fentin mai da ke jikin kaya a matsayin mai dalma, sai fa idan an gwada an tabbatar babu.

Nijeriya ta san illar wannan guba. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan jihar Zamfara saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Hanyar da gubar ke shiga jiki ɗaya ce: ƙura ta hanci da ta baki. Ta fi cutar da ƙananan yara da mata masu juna biyu, kuma lahanin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ya gyaruwa. Salon da ake magana a kai kuwa gaba ɗayansa guga ce. Saboda haka ba a goge tsohon fenti a bushe, ba a kuma ƙona shi da wuta. Ko dai a jiƙa samfefa a goge a jiƙe, ko a cire fentin da maganin cire fenti a wuri mai iska, ko kuma, idan bai fara ɓarewa ba, a rufe shi ruf da sabon shafi, a yi gugar ado a kan sabon kawai. Ma'aikaci ya sa takunkumin da ke tare ƙura da safar hannu, ya wanke hannu kafin cin abinci, ya bar tufafin aiki a wurin aiki. Yara masu koyon sana'a a nisanta su daga wannan ɓangare. Gadon jariri da kujerun yara masu tsohon fenti kuwa, mafi alheri a bar su, kada a saya.

Yadda ake aikin

Ana fara wa da cire mariƙai da hinji da makullai a ajiye su wuri guda, domin tsofaffin ƙarafan tagulla suna ƙara wa kaya kuɗi. Sai a wanke kayan da ruwan ɗumi da garin sabulu, a cire maiƙo da dauɗa da tsohon folish, a bar su su bushe sarai a inuwa. Bayan nan a yi gyaran kafinta: a sake sa gam a gaɓoɓin da suka saki, a ɗaure su har gam ɗin ya kama, a cike ramuka. Sa'an nan a bi fuskar da samfefa mai lamba 120, a ƙarasa da mai lamba 180, ana bin tsawon zanen katako. Manufar ita ce a kashe ƙyallin tsohon shafi yadda sabon fenti zai sami wurin kamawa.

A nan ne katakon ƙasarmu ke da nasa hali, wanda bayanan da ke jikin gwangwanin fentin waje ba sa cika faɗa. Maɗaci da danginsa suna fitar da wani ruwa ja-ja wanda ke ratso fentin ruwa mai haske, sai a wayi gari farin tebur ya yi dabbare-dabbare, kuma ƙara fenti a kai ba ya magance shi. Loko kuma yana da maiƙo a jikinsa wanda kan hana fenti kamawa, ga ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi ga wasu mutane. Maganin duka biyun shi ne a goge katakon da tsumma mai ɗan tina, sa'an nan a yi masa shafi ɗaya ko biyu na shalak, wato danƙon da ake narkawa da sifirit, ko kuma andakot mai mai. Wanda ya tsallake wannan mataki don ya rage kashe kuɗi, shi ne zai yi aikin sau biyu.

Fentin alli na waje yana da tsada, amma ana iya haɗa mai kama da shi a gida. Ana dama kashi ɗaya na garin filasta, irin wanda ake silin da shi, da ruwa kaɗan har ya yi laushi babu gudaji, sai a zuba cikin kashi uku na fentin ruwa marar ƙyalli a gauraya. Haɗin yana saurin daskarewa, don haka ba a dama abin da ya wuce aikin yini. Lita ɗaya takan rufe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 13 a shafi ɗaya, kuma yawancin kaya shafi biyu suke bukata. Fentin madara kuwa, wanda ake yi da madarar da aka tsinkar da lemun tsami aka tace aka haɗa da farar ƙasa da launi, yana ba da kyakkyawar fuska a kan katako tsirara, sai dai a zafin ƙasarmu ba ya kwana da kyau.

Domin fito da kamannin dauri, ana shafa launi mai duhu a ƙasa, a bar shi ya bushe, a goga kyandir a gefuna da kusurwoyi, sa'an nan a shafa launi mai haske a sama. Idan ya bushe sai a bi wuraren kyandir ɗin da samfefa mai lamba 220, launin sama ya fita cikin sauƙi na ƙasa ya bayyana. Gwanintar tana wajen sanin inda kaya ke gogewa da kansu: bakin durowa, kewayen mariƙi, hannun kujera, sandar da ake ɗora ƙafa. Guga a tsakiyar ƙofar kabad, inda babu hannun da ke taɓawa, tana tona asirin aikin nan take. Mai son zanen katako ya fito sai ya tsinka farin fenti da ruwa, ya shafa ya goge da tsumma tun bai bushe ba. Mai son fenti ya tsattsage kamar na shekaru aru-aru sai ya shafa farin gam na kafinta a kan launin ƙasa, ya bi da launin sama tun gam ɗin yana da danshi.

Mataki na ƙarshe shi ne rufi, domin fentin alli yana shan ruwa da maiƙo idan aka bar shi haka. Ana shafa kakin zuma da aka tausasa, a goge da tsumma mai laushi. Amma kaki ba ya jure zafin kofin shayi ko yawan sharewa da ruwa, don haka fuskar teburin cin abinci ko na gidan sayar da abinci sai a rufe ta da folish marar ƙyalli shafi biyu ko uku. Ya kamata a gaya wa mai saye cewa fenti kan bushe cikin awoyi kaɗan, amma yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya yi tauri sosai.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. A lokacin hunturu fenti na bushewa kafin a daidaita shi, ƙura kuma na mannewa a kai, don haka a yi aiki da sassafe a wuri mai rufi. A damina a Legas ko Fatakwal kuwa kowane shafi yana bukatar ƙarin lokaci. Haka nan kayan da aka ɗauko daga kudu mai laima zuwa arewa mai bushewa sukan tsuke, gaɓoɓinsu su saki. Ya fi kyau a bar su su yi 'yan makonni a wurin da za a sayar da su kafin a yi gyara da fenti.

Lissafi da kasuwa

Kuɗin fenti shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Abubuwan da suka fi cin kuɗi su ne sayen kayan, da dakonsu zuwa rumfa da kuma zuwa gidan mai saye, da ladan kafinta da mai fenti, da hayar wurin ajiya, domin kabad ɗaya kan cinye filin da zai ɗauki haja mai yawa. Akwai kuma kuɗin da ba a gani, wato na jarin da ke kwance. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024, a daidai lokacin da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5. A irin wannan yanayi, kayan da suka yi wata shida ba a sayar ba sun riga sun cinye wani ɓangare na ribarsu suna zaune. Shi ya sa ya fi dacewa mai farawa ya kama ƙananan kaya masu saurin fita, kamar teburin gefen gado da benci da firam ɗin madubi da akwati, ya kuma karɓi aikin kwangila, inda mai kaya zai kawo nasa ya biya rabin kuɗi tun farko.

Wajibi ne kuma a san cewa ba kowa ke son wannan salo ba. A wurin iyalai da yawa, musamman wajen haɗa kayan ɗakin amarya, kaya sai sabo dal mai ƙyalli, kuma teburin da aka goge wa gefe za a ɗauka rashin hali ne ya sa. Wanda ya cika rumfarsa da irin waɗannan kaya yana jiran iyayen amare zai daɗe yana jira. Masu sayensu su ne gidajen cin abinci da na shan gahawa, da otal-otal, da gidajen da ake haya na 'yan kwanaki a Abuja da Legas, da masu ɗaukar hoto, da masu adon wuraren biki, da masu shirya fina-finai da ke neman kayan da za su nuna wani zamani. Ukun ƙarshe sun fi son haya a kan saye, kuma kujera ɗaya da ake bayarwa haya takan mayar da kuɗinta sau da yawa. Ga sauran masu saye kuwa, ana iya yin duk aikin a tsaya kafin guga, a ba su kaya mai launi ɗaya sumul, wanda ya fi karɓuwa a gidajen iyali.

Abin da ba a yi wa fenti

Akwai kayan da fenti ke rage wa daraja. Teburin maɗaci mai lafiyayyar fuska da kyakkyawan zane ya fi tsada idan aka wanke shi aka sa masa folish kawai. Kayan sassaƙa na gargajiya kuwa, irin su kujerun Nufawa na Bida masu ƙafafu da yawa da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya, da tsofaffin ƙyamaren ƙofa masu zane, darajarsu tana cikin fuskarsu ta asali, kuma shafi ɗaya na fenti ya isa ya rushe ta. Bugu da ƙari, doka mai lamba 77 ta shekarar 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta sa kayan fasahar gida da aka yi kafin shekarar 1918 cikin kayan tarihi, ta kuma ƙayyade cinikinsu da fitar da su waje. Wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa ya tuntuɓi hukumar kafin ya taɓa shi.

Daga ƙarshe akwai batun amana. Kwaikwayon tsufa ado ne muddin mai saye ya san abin da yake saye. Idan kuwa aka sayar da benci na bara a matsayin kayan zamanin Turawa, ko aka ɓoye cin gara da fenti, to an shiga algus, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018 ta hana yaudarar mai saye game da haja. Masu sayen irin waɗannan kaya ba su da yawa, kuma sun san juna, labarin aiki ɗaya mai kyau ko marar kyau ba ya daɗewa bai kewaya su ba. Ya kamata mai sana'a ya ɗauki hoton kowane kaya kafin aiki da bayan aiki, ya rubuta wa mai saye irin katakon, da gyaran da aka yi, da fentin da aka sa, da yadda za a kula da shi. Wannan 'yar takarda ba ta cin ko kwabo, kuma ita ce za ta sa mai otal da ya sayi tebur ɗaya ya dawo ya ba da aikin ashirin.